Hannun da ke zare zobe: daga Louvre zuwa Montreuil-Bellay

Bikin karɓar digirin 'yar ƙanwata ne ya kai ni Faransa. Ita a Angers take karatu, amma ta taso takanas ta tarye ni a Paris, don ta san ban saba da hayaniyar birnin ba. Muna shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ta matso kusa da kunnena ta ce, "Kawu, dawo da jakarka gaba, wannan layin 'yan Rom sun yi yawa." Na dawo da ita. Wasu 'yan mata uku ne tsaye a bakin ƙofa, da dogayen siket, gashi a tufke. Ba su kula kowa ba, suka sauka a tasha ta gaba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda duk wanda ke kusa da su ya dafe aljihunsa lokaci guda, kamar an ba da umarni. Yarinyar da ta gargaɗe ni kuwa ba ta taɓa zama da ko ɗaya daga cikinsu ba, amma har ta haddace karatun. Ni malamin tarihi ne, sai na ƙudurta in je in ga inda aka fara biya shi.

Mutanen da ake nufi su ne Romani. Ba su haɗa komai da birnin Rum ba, kuma ba Romaniya ce tushensu ba, ko da yake suna da yawa a can. Harshensu ya tabbatar da cewa kakanninsu daga arewacin Indiya suka taso, shekara dubu ko fiye da suka wuce, suka ratso Farisa da Armeniya har suka shigo Turai ta ƙasashen Girka. A yau ana ƙiyasta su miliyan 10 zuwa 12 a nahiyar, kuma mafi yawansu a gidaje suke zaune kamar kowa.

Daga unguwar La Chapelle na fara, a arewacin Paris. Yanzu shagunan Tamilawa ne a jere, ƙamshin kayan yaji ko'ina, ga 'yan Afirka da 'yan Afganistan suna kai-komo a ƙarƙashin gadar jirgi. A shekarar 1427 wurin ƙauye ne a wajen ganuwa, kuma nan aka sauke ayarin Romani na farko da ya iso Paris, mutum ɗari ko ɗari da ashirin, don an hana su shiga gari. Sun ce daga Masar suke, suna yawon tuba ne bisa umarnin Paparoma. Wani mazaunin birnin da ke rubuta abubuwan da ke faruwa ya bar mana bayaninsu: zobban azurfa a kunnuwa, mata da bargo ɗaure a kafaɗa, jama'a na tururuwar zuwa kallo. Ya ce an yi ta yayatawa cewa matan na duba tafin hannu, suna raba aure, suna kwashe kuɗin mutane. Sai ya ƙara da wata magana da ta cancanci a rubuta ta da manyan baƙaƙe: shi da kansa ya je wurinsu sau uku ko huɗu, bai rasa ko anini ba, bai kuma ga sun duba hannun kowa ba, amma haka mutane ke faɗa. Babban limamin cocin Paris ya zo da wani malamin coci ya sa shi ya yi wa'azi, ya kori duk wanda ya miƙa hannu aka duba masa daga cikin jama'ar coci, kafin tsakiyar Satumba baƙin sun kama hanyar Pontoise. Wanda ya gani da ido ya ce bai gani ba, amma ji-ta-ji-tar ce masu zane suka ɗauka.

Washegari muka shiga Louvre, babban gidan tarihin zane-zane na Paris. Jama'a duk sun yi wajen Mona Lisa, ni kuma na tsaya a doguwar farfajiyar zanen Italiya, gaban aikin Caravaggio na wajen 1595, wanda ake kira Mai Duba. Ba shi da girma can, faɗinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba. Mutum biyu ne kawai, bayansu bango mai launin ƙasa da hasken rana ya faɗo a kansa a karkace. A hagu budurwa, ta naɗa farin ƙyalle a ka kamar rawani ta zagayo da shi ƙarƙashin haɓa, farar riga mai baƙin aiki a wuya, mayafi mai kauri ɗaure a kafaɗa ɗaya. A dama wani ɗan gata, hula mai gashin tsuntsu, takobi a ƙugu, ya cire safar hannu ɗaya ya miƙa mata tafinsa. Shi fuskarta yake kallo, ita ma shi take kallo da ɗan murmushi, yatsunta kuwa suna kan yatsansa na zobe. Sai ka matsa sosai kafin ka gane abin da ake nufi: tana lallaɓa zoben tana zarewa.

Aikin ya yi kyau, babu ja. Fatar yaron har sheƙi take, kuma za ka rantse yanzu yarinyar za ta yi magana. Wannan kyan ne ya dame ni. Da mummunan zane ne da tuni an manta da shi. Wani marubucin tarihin masu zane mai suna Bellori ya ba da labari cewa an nuna wa Caravaggio gumakan mutanen da, aka ce ya yi koyi da su, sai ya nuna taron jama'a ya ce ga malamansa nan, ya kira wata mace Romani da ke wucewa a titi ya zana ta. Ko labarin gaskiya ne ko ƙari, ya sa masu kallo sun ɗauki zanen tamkar shaida, wai ga su nan yadda suke. Alhali abin da aka zana shiri ne irin na dandalin wasan kwaikwayo, inda 'yar duba mai wayo da saurayi wawa suka riga suka zama sanannun 'yan wasa a Italiya.

Daga nan aka buɗe ƙofa. Simon Vouet, Valentin de Boulogne, Nicolas Régnier, kowa ya yi nasa, kuma kowane ya ƙara gishiri. Aka ƙaro tsohuwa mai yanƙwanannar fuska tana zare jakar kuɗi ta baya, aka ƙaro yara masu laluben aljihu, a wasu ma har da wani ƙato yana sace kazar da ke bayan mai duban. Na Georges de La Tour, wanda yake New York yanzu, mata huɗu ne suka yi wa saurayi ɗaya ƙawanya, ɗaya na yanke masa sarƙar zinariya. Masu kuɗi ne ke sayen waɗannan zane-zane su rataye a zaurukansu, su yi dariya, su ja wa 'ya'yansu kunne. Mace Romani mai ɗinki, ko namiji maƙeri, ko dillalin dawaki, ko sojan haya, duk akwai su a wancan zamani, takardun tarihi sun ambace su, amma ba su ne kasuwa ke so ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Wannan zane na Caravaggio kyauta aka kawo wa Sarki Louis na 14 a 1665, daga wani basaraken Rum, Camillo Pamphili. Bayan shekara 17, a watan Yulin 1682, wannan sarkin ya sa hannu a dokar da ta ce duk namijin da aka kama cikin waɗanda suke kira Bohemiyawa a ɗaure shi a kai shi tuƙin jiragen ruwan yaƙi har ƙarshen ransa, ba sai ya aikata wani laifi ba. Mata a aske musu kai, in sun ci gaba da yawo a yi musu bulala a kore su daga ƙasa, yara a kai su gidajen marayu. Dokar ta yi barazanar ƙwace ikon duk basaraken da ya ba su mafaka, abin da ke nuna cewa akwai manyan da ke zaune lafiya da su, suna ɗaukar su aiki. Wato budurwar tana rataye a fada ana yaba kyanta, danginta kuma suna cikin mari. Na duba ɗan allon bayanin da ke gefen zanen ina son in ga wannan, kuma a ganina wurin ya dace da shi fiye da kowane littafi.

A ɓangaren zanen Holan akwai wata yarinya ta Frans Hals, tana murmushi tana kallon gefe, gashi a barbaje, wuyan riga a buɗe ƙwarai. Ana kiranta 'yar Bohemiya. Shi Hals bai raɗa mata wannan suna ba, kuma babu komai a jikinta da ke nuna ƙabilarta. Daga baya ne aka ga mace mara kamun kai, aka ce ai sai dai ta kasance daga cikinsu. 'Yar ƙanwata ta daɗe a gabanta, ta ce, "Kawu, to wannan ai ƙazafi ne." Ƙazafi ne kuwa, musamman ga al'ummar da aka san ta da tsanani a kan suturar mata da budurcin amarya.

Da yamma muna tafe a bakin kogin Seine, wajen masu korayen akwatunan tsofaffin littattafai, na ci karo da kwafin zanen Jacques Callot, mutumin Nancy, wanda ya rasu a 1635. Guda huɗu ne, dogaye sirara, kowane bai wuce tsawon tafin hannu biyu ba. Mai kayan, wani dattijo mai lofe, ya ara mini gilashin ƙara girma. A na farko da na biyu ayari ne a kan hanya: ramammun dawaki, maza da bindigogi da huluna masu gashin tsuntsu, mata da faffaɗan malfuna da barguna masu ratsi, yara ɗauke da tukwane, wani ma ya kifa tukunya a ka. A na uku sun yada zango a bakin masauki, ana duba a gaba, ta baya kuwa ana bin kaji ana shiga ta taga. A na huɗu ana girki, ana caca, wata na haihuwa a gindin bishiya. Kowane yana da ɗan baiti a sama, ɗaya yana cewa mai jin daɗin zancensu ya kula da kuɗinsa. Zanen fenti guda ɗaya tak ake yi, sai wanda ya shiga gidan mai shi zai gani. Na Callot kuwa a farantin tagulla aka sassaƙa shi, ana bugawa ɗaruruwa, ana kwaikwaya, yana bin 'yan kasuwa gari-gari. Wanda bai taɓa ganin Romani ba ya riga ya san abin da zai ce idan ya gan su.

Gidan tarihin Orsay na ƙarni na 19 ne, kuma a can salon ya sauya. Akwai ɗan ƙaramin zanen Van Gogh na watan Agustan 1888, kekunan doki masu ɗaki a kai, sun tsaya a wajen garin Arles, doki na kiwo, yara na tsaye, rana ta haske ciyawa. Babu sata a ciki, kuma na ji daɗin ganinsa. Masu zane da mawaƙan zamanin sun koma sha'awar Romani, suna ganin su a matsayin 'yantattu da ba ruwansu da haya ko ubangida, har matasan Paris masu fasaha suka ari sunan Bohemiyawa suka laƙaba wa kansu. Sai dai wannan sha'awar ba ta hana kowa korar su daga bakin gari ba. Kuma tsohuwar ƙaryar satar yara ta ci gaba da tafiya. Esmeralda ta littafin Victor Hugo na 1831, wadda duniya ta ɗauka 'yar Romani ce, a cikin labarin jaririyar Bafaranshiya ce da aka sace. Jaridu masu hotuna na ƙarshen ƙarnin sun yi ta buga irin wannan a bangonsu. A zahiri akasin haka aka fi yi: a 1773 Sarauniya Maria Theresa ta Austiriya ta ba da umarnin a ƙwace yaran Romani da suka haura shekara biyar a ba manoma riƙo. Har a 2013, 'yan sandan Girka sun ɗauke wata yarinya mai farin gashi daga hannun wasu Romani, jaridun duniya suka yi ca, daga baya gwajin jini ya nuna mahaifiyarta ma Romani ce daga Bulgeriya.

Shekara 24 bayan zanen Van Gogh sai ga wani irin hoto daban. Dokar 16 ga Yulin 1912 ta wajabta wa duk wanda hukuma ta kira mai yawo, daga ɗan shekara 13, ya riƙe wani littafin shaida. A ciki akwai hotonsa ta gaba da ta gefe, da hoton yatsunsa goma, da awon tsayinsa, da faɗin kansa, da tsawon kunnensa na dama, daidai yadda ake yi wa masu laifi. Duk garin da ya shiga sai jandarma ko magajin gari ya buga masa hatimi, in zai fita ma haka. Yawancinsu fa 'yan ƙasa ne, iyayensu da kakanninsu a Faransa aka haife su, kuma bayan shekara biyu aka kira mazansu yaƙi.

Bayan an gama biki a Angers, wata ƙawar 'yar ƙanwata ta ara mana mota muka yi kudu, muka bi ta Saumur. Ƙasar gonakin inabi ce, da gidajen farin dutse. Montreuil-Bellay ƙaramin gari ne mai katafariyar fada a kan kogin Thouet, kuma masu yawon buɗe ido fadar suke zuwa gani. Abin da ya kawo mu yana bayan gari, a kan hanyar Loudun. Fili ne fetal tsakanin titi da layin dogo. Sai ka sauka ka taka kafin ka fara ganin matakalan siminti, uku ko huɗu, suna hawa ba su kai ko'ina ba, don ɗakunan katakon da ke kansu an sayar da su bayan yaƙi. Akwai wani ɗaki rabinsa a cikin ƙasa, da 'yan ƙananan tagogi daidai da ciyawa. Shi ne kurkukun sansanin. Na sunkuya na leƙa, sanyi da warin danshi suka bugo ni, a tsakiyar rani ke nan, balle a hunturu.

Nan ne sansani mafi girma da aka tsare masu yawo a Faransa, daga Nuwamban 1941 zuwa Janairun 1945. A 1942 mutanen da ke ciki sun haura dubu a lokaci guda, da yawansu yara, a bayan waya mai ƙaya. Jamusawa ne suka ba da umarnin tsarewar a Oktoban 1940, amma jandarmomin Faransa ne ke gadi, kuma tun a watan Afrilun wannan shekara, kafin Jamus ta ci ƙasar, gwamnatin Faransa ta riga ta hana su motsi. Littafin shaidar nan na 1912 shi ya sauƙaƙa aikin, don sunan kowa da kamanninsa suna hannu. Da aka 'yantar da yankin a 1944 ba a sake su ba, aka mayar da su wasu sansanoni, na ƙarshe ba su fita ba sai 1946. A sauran Turai abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba, an kashe tsakanin dubu 250 da dubu 500, kuma a daren 2 ga Agustan 1944 kaɗai an hallaka dubbai a Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi. Filin Montreuil-Bellay kuwa ya zama makiyayar dabbobi, har sai da wani malamin makarantar yankin, Jacques Sigot, ya tono tarihinsa a shekarun 1980. A watan Oktoban 2016 shugaba François Hollande ya zo nan ya amsa cewa ƙasar na da alhaki. Yanzu akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen iyalai ɗaruruwa. Mu kaɗai ne a wurin, sai manyan motoci da ke wucewa.

Ban ce Caravaggio ne ya kafa wayar ba. Amma kafin a tsare jariri da kakarsa ba tare da tuhuma ba, maƙwabta kuma su yi shiru, sai an daɗe ana yi wa mutanen kuɗin goro, kuma zane ya yi wannan aikin shekara ɗari uku. Akwai masu sane a jirgin Paris, wasunsu Romani ne, ba mai musun wannan. Mu ma da muke ji kullum ana shafa wa kowane Bafulatani mai sanda laifin 'yan bindiga mun san inda irin wannan lissafi ke kaiwa.

Su ma yanzu sun ɗauki alkalami da buroshi. Ceija Stojka, 'yar Austiriya, tana yarinya ta tsira daga sansanonin Auschwitz da Ravensbrück da Bergen-Belsen, ba ta fara zane ba sai da ta haura hamsin. Ta zana takalman sojoji yadda ƙaramin yaro ke ganinsu daga ƙasa, da hankaki, da filayen furanni na kafin yaƙi. An baje ayyukanta a Paris a 2018, shekara biyar bayan rasuwarta. A 2022 kuma Małgorzata Mirga-Tas ta wakilci Polan a babban baje kolin Venice. Ta ɗauko zanen Callot ɗin nan ta sake shi da girma, da ƙyallayen tufafin danginta da maƙwabtanta, ta ba mutanen fuska da mutunci. 'Yar ƙanwata ce ta nemo mini hotunan a wayarta muna cikin mota, tana ta jan su da yatsa tana ƙara girmansu.

A hanyar komowa muka tsaya a kasuwar wani ƙaramin gari don sayen burodi. A gefe wani dattijo na zaune a bayan farar motarsa yana saƙa wa kujera mazauni da ciyawa, kujeru uku na jiran layi. Yana murɗa ciyawar da yatsu, ya zagaya, ya ja, ya danna da wani ɗan katako da ya sha hannu har ya yi baƙi. Na yi masa sannu da aiki, na ce daga sansanin muke. Ya ɗago ya dube ni, ya ce shi Manush ne, wato wani reshe na Romani, kuma mahaifiyarsa ta yi ƙuruciyarta a bayan irin wannan waya. Littafin shaidarta na nan a wurinsa cikin leda. Shi kansa ya riƙe wanda ya gaje shi, na dokar 1969, wanda ba a soke ba sai 2017.

Na ce, "Baba, yanzu fa, an samu sauƙi?"

Ya ce takarda dai ta tafi. Doka ta 2000 ta ce duk garin da ya haura mutum 5,000 ya tanadar musu wurin sauka, amma in je in duba inda ake ware musu: kusa da juji, ko bayan masana'anta, ko ƙarƙashin babbar hanya. Inda suke a yanzu, in ji shi, jikokinsa sai sun yi tafiya mai nisa a gefen titi kafin su kai makaranta, kuma ya kai kuka ofis an ce ya jira. Ya ce in na san mai tsohuwar kujera a Angers in ba shi labari, yana zuwa can ranar Asabar.